Langar Mai Rawani

Ranar da ciwo ya kayar da maigidana, abokan aikinsa ne suka shigo da shi kwance a kan ƙyauren ƙofa sabo fil, ko fenti ba a yi masa ba. Daga warshar kafintoci suka ɗauko shi, nan bayan layinmu a unguwar Kurayyat ta Jidda, inda ya yi shekaru yana yankan katako. Suna sauke shi suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Gidan da babu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba wurin daɗewa ba ne, balle an shigo da mara lafiyar da zai iya jawo tambaya. Mutum ɗaya ne ya tsaya. Dogo ne, Ba'indiye, gemu har ƙirji, da shuɗin rawani naɗe tsaf a kansa, da warwaron ƙarfe a hannun dama.

Shi ya nemo tasi, shi ya kai mu wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ba a cika tambayar takardu ba. Likita ya ce jini ne ya hau, ɓarin dama ya shanye, magana kuwa sai yadda Allah ya yi. Muka dawo gida da ledar magani da mutumin da ba ya iya juyawa a shimfiɗa. Mu biyu ne kaɗai a gidan. Ɗanmu an kama shi a kamen marasa takarda an mayar da shi gida tun kafin wannan, 'yarmu kuma tana ɗakin mijinta a Katsina. Da umara muka zo tun ina da ƙarfin goyo, muka zauna, muka tsufa a nan. Ni kullum a kasuwar Balad nake wuni, a gefen hanya, da farantin gyaɗa da aya da ƙullin yaji.

Da mutumin ya gama kwantar da maigidana, na tsaya daga bakin ƙofa na tambaye shi da Larabcina na kasuwa ko shi wane ne, don in san wanda zan sa a addu'a. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Ana Sikh." Ni kuwa Shaikh na ji. To me zan ji? Ga rawani, ga gemu, ga sunkuyar da kai in yana magana da mace. A garinmu wanda ya haɗa waɗannan, ko bai buɗe baki ba an riga an shimfiɗa masa buzu. Na ce Allah ya ƙara wa Shehi daraja. Ya yi murmushi, ya ce gobe da safe zai dawo. Daga ranar ya zama Shehi a gidana, kafin a ce me ya zama Shehi a layin gaba ɗaya.

Na ɗauka irin alkawarin nan ne na bakin ƙofa, wanda ake yi don a samu hanyar fita. Washegari ina hura wuta na ji sallamar hannu a ƙyaure. Ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga, ya shiga.

Maigidana ba ƙaramin mutum ba ne. Ko a kwance ya cika katifa, ni kuwa bayana ya daɗe da lalacewa da zaman ƙasa a kasuwa. Zan iya dafa masa, in ba shi a baki, in wanke abin da ya ɓata, amma ɗaga shi daga shimfiɗa zuwa banɗaki ya fi ƙarfina. Wannan shi Shehi ya ɗaukar wa kansa. Zai durƙusa, ya zura hannu ta ƙarƙashin hammata, ya jingina kan maigidana a kafaɗarsa, sai ya ce, "Yalla." Haka suke cewa a warsha in za su ɗaga katako mai nauyi su biyu. A safiyar farko maigidana idanu kawai ya zuba masa. Ana nan, wata rana Shehi ya ce yalla, sai na ji wata murya daga maƙogwaro, a karkace, ta amsa, "Yalla." Na ajiye ludayi na shiga da gudu. Duk Hausar da ya tashi da ita ta tafi, sunana ma ya tafi, wannan kalma ɗaya ta warsha ce ta rage masa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma na yi kukan murna.

Safe da yamma yake zuwa, kafin ya shiga aiki da bayan ya tashi. Ya yi masa wanka, ya murza masa ƙafar da ta mutu da man zaitun, ya juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ya ƙera masa kujera mai hannu da rami a tsakiya, ya kafa masa sanda a bangon banɗaki. In ya gama wankan yamma, sai maigidana ya nuna buta da hannun hagu, Shehi ya gane. Ya ajiye roba a ƙasa, ya wanke masa tafin hannu, ya kai ruwa bakinsa, ya wanke fuska, ya bi hannuwa har gwiwa, dama kafin hagu, ya jiƙa masa hannu mai lafiyar ya shafi kansa da kansa, ya sauka ƙafa yana tsattsefe yatsu. Daga madafa nake jin warwaron ƙarfensa yana bugun bakin buta. In an gama ya juya kujerar ta kalli alƙibla, ya fita ya zauna a dakalin ƙofa har sai an sallame. Na ɗauka shi a masallaci yake tasa. Ban taɓa tambaya ba, don wa yake tambayar Shehi ko ya yi salla?

Matan layi kuwa suka samu malami a sama. Maƙwabciyata, haifaffiyar Jidda, wadda Hausarta rabi Larabci ce, ta tare shi a dakali da jaririnta mai kukan ciki, ta ce ya yi masa tofi. Ya yi ta karkaɗa hannu yana cewa shi ba ya yi, muka ce tawali'u ne irin na manyan bayi. Ta dangwara masa yaron a cinya. Ya rasa yadda zai yi, ya dafa kan yaron ya yi 'yan maganganu a hankali da yarensu. Yaro ya yi barci. Daga nan sai da na riƙa korar mata daga ƙofar gidana.

Duk ranar Juma'a, da yake ba aiki, yakan aiko ko ya kawo da kansa wani kwano mai murfi, irin namu na tangaran ɗin ƙarfe mai zanen fure. A ciki akwai miyar adas mai kauri, wato ƙananan waken nan, da gurasa mai laushi naɗe a ƙyalle. In ya miƙo sai ya ce, "Langar." Ranar farko na yi dariya har da tafa hannu, na ce ashe Shehi ya fara jin Hausa, har ya san langa. Sai dai a Hausa ba a cewa langar a yi shiru. Sai an faɗi mai ita, langar wance, langar amarya. Shi kuwa ya ce langar, ya tsaya cak. Nakan tsokane shi in ce, langar wa, Shehi? Ya yi dariya bai gane ba, ni ma ban gane nasa ba, muka tafi a haka. Ban taɓa mayar masa da ita wayam ba. Ƙosai ne, alala ce, gyaɗa ce mai gishiri, abin da ya samu. Nama dai babu, don tun da ciwo ya shigo nama ya yi ƙaura daga gidanmu.

Maigidana yana da wa a unguwar Aziziyya, Yaya nake ce masa. Yana da iƙama, yana da shagon kayan ɗinki da sunan kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, yana da kujeru a falo. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan zo da ledar lemo da ayaba, ya zauna a gefen ƙaninsa ya yi masa addu'a mai tsawo, ya tashi kafin yamma. Shi ya sa ba su taɓa haɗuwa da Shehi ba. A bakina yake jin labarinsa, yana jin daɗi, har yakan ce in gaishe shi, irin waɗannan bayin Allah su ne suka riƙe duniya.

Babbar Salla ce ta haɗa su. Yaya ya yi layya, ya kawo mana cinya guda da hanta. Na soya, na zaɓi masu kyau na cika langar Shehi har murfin yana ɗagawa. Ranar hutu ce, sai ya zo da wuri, Yaya yana zaune. Ina ganin idon Yaya ya sauka a kan rawanin, ya gangaro kan warwaron, na ga fuskarsa ta sauya, amma ban kawo komai ba. Na miƙa langa da hannu biyu na ce barka da salla. Shehi ya ɗaga murfi, ya duba, ya mayar a hankali. Ya haɗa tafin hannuwansa ya ce in yi haƙuri, shi ba ya cin nama.

Raina ya sosu. A ce naman layya, na farko da ya shigo gidana tun ciwon nan, a dawo mini da shi? Ina shirin magana Yaya ya riga ni. Da Larabcinsa mai kyau ya tambaye shi ko shi Musulmi ne. Shehi ya ce a'a, shi Sikh ne, kuma ya gaya wa Hajiya tun ranar farko.

Ya gaya mini kuwa. Kunnena ne ya ƙara masa abin da bai faɗa ba.

Yaya bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya juyo da Hausa ya ce mini waɗannan mutane ne masu addininsu daban a Indiya, ba sa aski, ba sa salla irin tamu, rawaninsu ba na malanta ba ne. Ya ce watanni na bar wanda ba Musulmi ba yana shiga ɗakin aurena, yana taɓa tsiraicin ƙaninsa, har yana yi masa alwala. Ya ce sallolin nan duka sai an tambayi malamai a kansu. Daga yau kada ya sake taka gidan, shi zai turo mutum. Na waiwaya na dubi maigidana. Shi ai ya sani. Shekaru suna yankan katako tare, ya san ko wane ne, yana kallona ina ta Shehi, Shehi, bakinsa a karkace, ashe wani sashi na karkacewar dariya ce. Su ma mazan layi 'yan warsha duk sun sani. Suka yi gum, don in maganar ta fito a kansu ɗaukar maigidana za ta dawo.

Shehi bai ji Hausar ba, amma ya ji abin da aka ce. Ya ajiye langar a bakin ƙofa, ya sunkuya ya dafa ƙafar maigidana, ya sa takalmi ya tafi. Washegari na hura wuta, na kasa kunne, ba a buga ƙyaure ba.

Mutumin da Yaya ya turo wani bawan Allah ne ɗan Nijar mai aikin gini. Ya yi iya ƙoƙarinsa na 'yan kwanaki, sai kafilinsa ya mayar da shi wani aikin a can wajen gari. Yaya ya ce zai nemo wani. Mazan layi sukan leƙo in na aika, yau wannan, gobe babu kowa, kowa da wuyar da yake ɗauke da ita. Na daina fita Balad. Na riƙa ɗaura wa maigidana zani ta hammata ina jan sa a ƙasa kamar buhun gero, shi da yake ɗaukar ƙyauren ƙofa shi kaɗai. Wata safiya na yi ƙoƙarin ɗora shi a kujerarsa, ƙafata ta zame, muka zube tare a banɗaki, kansa ya bugi bango. Muka daɗe a nan a jiƙe, ni ina kuka, shi yana kallon rufi. Na ce masa yalla, ko zai taimaka mini da ɓarin da yake da rai. Tun ranar salla bai sake faɗin kalmar ba.

Bayansa ya fara ja, sannan ya fashe. Ya rage cin abinci. In na kawo buta sai ya juyar da kai bango, don ya san abin da zai biyo baya, ja ne da faɗuwa. Mutumin da bai taɓa barin salla ta wuce shi ba, ga shi yana gudun alwala.

Matan layi kuma suka sa ni a baki. Maƙwabciyar nan mai jariri ta tsaya a ƙofata ta ce na cuce ta, na sa kafiri ya yi wa ɗanta tofi, wallahi haram alaiki. Na ce mata ni na ɗora masa yaron a cinya ko ke? Mutumin nan yana cewa a'a kina cusa masa. Kuma yaron ya yi barci ko bai yi ba? Ta tafi tana surutu da Larabci. Wata kuma ta ce abincinsu da na yi ta ci sai na yi istigfari. Na ce wake ne da gurasa, kuma da na ɗiba miki ba ki bar ko miyar a kwano ba. Ina da baki, Allah ya ba ni, kuma a kwanakin nan ban adana shi ba. Sai dai baki ba ya ɗaga mutum daga katifa.

Juma'ar da ta biyo bayan faɗuwarmu, Yaya ya zo da lemonsa. Na ɗage rigar ƙaninsa na nuna masa gyambon. Ya yi salati, ya ce lallai a wannan makon zai samo mutum. Na wanke langar Shehi, na zuba gyaɗa a ciki, na sa abaya. Ya tambaye ni ina zan je. Na ce kayan mutane zan mayar, ya zauna da ɗan'uwansa.

Warsha a rufe take, amma ta baya akwai wata ƙofar kwano a ɗan buɗe, da takalma jibge a bakinta. Ƙamshin albasa da gurasa ne ya tabbatar mini na zo daidai. Na leƙa. Wani fili ne da ake ajiye katako, an share shi, an shimfiɗa tabarmin roba layi layi. Mutane zaune a ƙasa, kowa da farantin ƙarfe a gabansa, kowa kansa a rufe, wani da rawani, wani da hankici. Masu rawani ba su fi yawa ba. Na ga masu sharar titi 'yan Bangaladash da rigar aikinsu, na ga wani tsoho Bayamane, na ga baƙaƙe irina da ban san daga wace ƙasa suke ba. Babu hayaniya, kowa ya san ƙasar da yake. Wasu masu rawani suna bin layi da bokitin miya, wasu da kwandon gurasa. Can gefe wani mai farin gemu da agogo mai tsada ya durƙusa yana wanke faranti, daga baya aka ce mini shi ne babba a wani kamfanin gini.

Ni kaɗai ce mace. Shehi yana bakin wuta yana juya gurasa a kan faifan ƙarfe, ya hango ni, ya taso yana goge hannu. Na ce magana ce ta kawo ni. Ya ce a nan sai an ci ake magana. Ya shimfiɗa mini tabarma a ƙarshen layi, ba a gaba ba, ba a ɓoye ba, aka ajiye mini faranti irin na kowa.

Na tsaya na dubi farantin. A baya na ci abincin nan ina ganin na Shehi ne. Yanzu na san na wane ne, kuma na san cikin baƙaƙen nan ba za a rasa wanda zai kai labari layinmu ba kafin in wanke hannu. Na zauna, na tanƙwashe ƙafa, na yi bismilla da ƙarfi yadda na kusa da na nesa za su ji, na gutsuri gurasa. Mai bokiti ya zo zai ƙara mini, na miƙa faranti.

Da na gama, Shehi ya tsuguna nesa kaɗan. Na tura masa langarsa na ce ga langar. Ya girgiza kai, ya nuna filin da hannu, da mutanen, da tukwanen, da mai wanke faranti, ya ce wannan shi ne langar. Da guntun Larabcinsa da guntun nawa ya fahimtar da ni. Haka malaminsu na farko ya koya musu, Allah ɗaya ne, mutum ya ci guminsa, ya raba da wasu, kuma a dafa a zauna a ƙasa tare, kada a tambayi mai yunwa addininsa ko gidan ubansa. Duk inda suka taru a duniya suna yi, ko da a bayan warsha ne. Kowa ya kawo abin da ya samu, wannan gari, wancan albasa, wanda ba shi da komai ya kawo hannunsa. Na ce to langar wa ke nan? A wannan karon ya gane tambayar. Ya ce ba ta da mai ita.

Na tambaye shi inda ya koyi alwala. Ya ce shekara nawa yana kallon maigidana yana yi a bakin famfon warsha, ko makaho ne ai ya haddace. Sai na gaya masa komai, da faɗuwar, da gyambon, da shirun. Ya sunkuyar da kai. Ya ce kullum da safe yakan biyo ta layinmu ya wuce ƙofar. Amma ba zai shiga tsakanin wa da ƙani ba, kuma ba zai shiga gidan da aka ce kada ya shiga ba. In mai gidan da kansa ya kira shi, zai zo. Na ce ai ka san ba ya magana. Ya ce ya sani.

Na ce to tashi mu je, ka tsaya a bakin ƙofa.

Muka biyo layi da rana ƙiri-ƙiri, ni a gaba da abaya, shi a baya da rawaninsa, mata suna ɗaga labule. Ban sunkuyar da kai ba. Wadda muka haɗa ido da ita na gaishe ta da sunan ɗanta.

Yaya yana zaune inda na bar shi, ya ɓare lemo yana ƙoƙarin sa wa ƙaninsa a baki, shi kuwa ya datse haƙora. Na buɗe ƙofar ɗakin gaba ɗaya yadda na kwance zai ga waje. Shehi ya tsaya a dakali da takalminsa a ƙafa. Yaya ya miƙe.

"Hajiya, me na gaya miki?"

"Na ji abin da ka gaya mini, Yaya. Ga la'asar ta kusa. Ga buta, ga ƙaninka. Ɗaga shi."

Ya ce in ji tsoron Allah, shi ma bayansa ba lafiya ba, kuma ba wannan ce maganar ba. Maganar ita ce ibadar mutum, wadda za a tambaye shi a kabari. Na ce ni ba malama ba ce, amma na san niyya a zuciyar mai alwala take, ba a hannun mai zuba ruwa ba. Na ce tun ranar salla babu alwalar kirki da aka yi a ɗakin nan, ta Musulmi ko ta wani. Ban bar addinina ba ko da taku ɗaya, kuma mutumin nan bai taɓa neman in bari ba. Shi ne ma yake juya kujera ta kalli alƙibla.

"Za ki iya amsa wannan a gaban Allah?"

"Zan amsa. Kai ma ka shirya taka amsar a kan bayan nan da ya ruɓe."

Maganar ta yi masa zafi, na gani a idonsa, kuma ban janye ta ba. Ya ce ni mace ce, ba ni da hurumin shigo da namiji gidan ƙaninsa. Na ce gaskiya ne, shi ma wanda yake waje abin da ya ce ke nan. Gida na mai gida ne. A tambaye shi.

Muka juya gaba ɗaya muka dubi katifa. Maigidana ba Yaya yake kallo ba, ba ni ba. Ƙofa yake kallo. Ya ɗaga hannun hagu, ya miƙa shi waje. Yaya ya ce wannan ba magana ba ce, mara lafiya yana miƙa hannu ga kowa. Shehi bai motsa daga dakali ba. Na ga maƙogwaron maigidana yana hawa yana sauka, leɓensa yana ja gefe, yawu yana zuba a gemunsa. Na so in goge masa, na hana kaina. Ya yi ta kokawa da bakin nan har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yalla," in ji shi.

Shehi ya cire takalmi. Ya wuce ta gaban Yaya ya ɗan rusuna masa, ya durƙusa, ya zura hannu ta ƙarƙashin hammata. Maigidana ya saƙala yatsunsa a cikin warwaron ƙarfen nan ya riƙe gam.

Yaya ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce mini shi ya fita haƙƙinsa, ya tafi ya bar ledar lemon. Har yau yana zuwa ranar Juma'a, amma ba ya cin abincina, gaisuwarmu kuma ba ta wuce lafiya lau. Cikin matan layi akwai waɗanda in na aika musu da kwano yake dawo mini yadda ya tafi. Abin yana yi mini ciwo, don a ƙasar da ba taka ba mutanenka su ne danginka. Amma gyambon ya warke, na koma Balad da farantina, kuma ban canza wa mutumin suna ba. Shehi nake ce masa, wanda ya ji haushi ya ji.

A ranar dai ban tsaya kallon bayan Yaya ba. Na ɗauko roba na ajiye a gaban kujera, na cika buta na miƙa. Ladan ya kira la'asar ana wanke ƙafar hagu. Shehi ya juya kujerar, ya gyara wa maigidana hula, ya fita ya zauna a dakali inda duk layi zai gan shi. Ni kuma na shimfiɗa sallayata a bayan kujerar maigidana, na jira ya ɗaga hannu ya tada salla.